Ƙusa a Baki

Ranar Talata

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, Baba, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya gwiwar taka? Ina fatan kana shafa man da likita ya bayar, ba ka bar shi a kan taga yana kallon mutane ba kamar wancan. Ni dai lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Tunda ka ce in bar maganar waya, kunnen ba ya ɗaukar komai a cikinta sai ƙara, na sayi biro da littafi, kuma direban da ya kawo ni ya yarda zai riƙa miƙa maka takarda duk ranar da ya bi ta ƙofar shago. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san hannun nan da guduma ya saba.

Na iso da rana tsaka. Jami'ar da ake gasar a cikinta ita kaɗai ta kai gari, har motocin haya ne ke yawo a ciki. Duk jami'o'in ƙasar nan suka turo 'yan ƙwallonsu, an yi ta fitar da wasu, lokacin da na zo saura takwas, su Auta na ciki. Kore suke sawa. Na yi ta tambaya har aka nuna min ginin da aka sauke su, na tarar da shi zaune a matakala yana wankin safa a bokiti. Ya yi baƙi, kafaɗa ta ƙara faɗi, amma lafiyarsa lau, ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta.

Da ya ɗago ya gan ni ko sannu da zuwa bai ce ba. Cewa ya yi, “Ba-Baba ne ya turo ka ko?” Na ce a'a, ƙwallo na zo kallo. Ya ce yaushe na fara son ƙwallo, ni da ko a unguwa gola ake sa ni saboda ba na son gudu. Abokansa suka fashe da dariya. Mai tsaron gidansu, wani zanƙalelen yaro da suke ce wa Dogo, ya karɓi jakata ya ce, “Ashe Guduma ma yana da yaya? Mu mun ɗauka daga sama ya faɗo.” A nan Guduma suke kiransa, Baba, wai don duk ɗan gaban da ya shigo ta gefensa sai ya koma yana ɗingishi. Na ce musu ni a gida Sanyi ake ce min. Dogo ya ce lallai an yi muku rabo mara adalci, ƙaramin ya kwashe zafin gidan duka.

Na je na gaida kocinsu kamar yadda ka umarce ni. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya son dogon zance. Ya maimaita min abin da muka riga muka sani: tun faɗan bara da Auta ya cire wa yaron nan haƙori, kwamitin ladabtarwa na jami'arsu ya ce in ya sake ɗaga wa wani hannu, a fili ko a waje, kora ce, ba dakatarwa ba. Ga shi jarrabawar ƙarshe kaɗai ta rage masa, wata mai kamawa. Kocin ya ce ba shi da ɗan baya kamarsa, amma duk ranar da ya sa shi a wasa ji yake kamar ya ɗora madara a wuta ya fita unguwa. Na ce abin da ya kawo ni ke nan. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce to, Allah ya taimake mu ni da kai.

Wurin kwana ya samu. Akwai wani tsohon kafinta a bayan ƙofar filin wasa, na tsaya ina kallon yadda yake yanka katako, ya kalli hannuna ya ce ɗauki zarto mu gani. Shi ke nan. Yana da aikin rufin wasu shaguna a layin, ina taya shi da safe, ya ba ni benci a cikin shago.

Jiya aka yi wasansu, suka ci biyu ba ko ɗaya. Ni ban san dokokin duka ba, amma na san ƙanina, don haka ban kalli ƙwallo sosai ba, shi na kalla. Har yanzu yana abin nan nasa na yarinta: in ransa ya fara ɓaci sai ya cusa wuyan rigarsa a baki yana taunawa. Ya yi jiya, da wani ya taka shi alƙalin wasa bai busa ba. Ya je zai yi wa alƙalin bayani, in'ina ta riƙe shi. Ka san yadda take yi masa, baki a buɗe, jijiyar wuya ta tashi, maganar ta ƙi fita. A irin wannan lokacin ne hannu yake riga magana. Ban san sanda na miƙe tsaye ba. Sai Dogo ya rugo ya rungume shi ta baya ya juya shi, abin ya wuce.

Ka gaida Inna. Ka ce wa yaran shago kada su taɓa sabon zarton nan, kuma su shigar da katako in hadari ya taso. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka,
Sanyi

Ranar Juma'a

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, kai da Inna. Yaya jikin, yaya zaman shago? Ina fatan takardata ta farko ta iso.

Baba, su Auta sun kai wasan ƙarshe. Na fara da wannan ne don abin da zai biyo baya ba mai daɗi ba ne, kuma ni na jawo shi.

Da masu shuɗin kaya suka buga jiya da yamma. Su Auta suka fara ci, aka tafi hutun rabin lokaci a haka. Bayan an dawo, aka bugo wata ƙwallo mai tsawo ta sama, Auta ya tare ta da ƙirji ya sauke, ya juya baya yana neman wanda zai ba. Sai ga wani ya taho ta bayansa a guje, ƙafa a sama. Ni ina can saman rumfar 'yan kallo, ina ganin abin da shi ba ya gani, kamar dai in kana kan tsani ka ga kwano ya suɓuce ya nufi wanda ke ƙasa. Wallahi Baba ban yi shawara da bakina ba. Fiton tsayawa kawai na ji ya fita, gajeru biyun nan.

Filin cike yake, ana kiɗa ana ihu, amma ya ji. Ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama, ƙwallo a gabansa, kamar an dasa shi. Yaron da nake jin tsoro ma wuce shi ya yi bai taɓa shi ba. Wani ya zo a hankali ya ɗauke ƙwallon kamar wanda ya yi tsintuwa a hanya, ya nufi Dogo ya zuba masa ita a raga.

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Ɗaliban ɗaya ɓangaren suka fara waƙa suna kiransa gunki, wasu suka miƙe suna ɗaga ƙafa ɗaya. Shi kuwa ya juyo a hankali, cikin duk jama'ar nan, ya sauke idonsa daidai inda nake zaune. Na so benci ya tsage in shige. Allah ya taimaka gab da tashi su Auta suka ƙara ɗaya, aka tashi biyu da ɗaya. Ba don haka ba ban san da wace fuska zan rubuto maka ba.

Bayan wasa kocin ya sa aka kira ni. Ya ce Auta ya ƙi magana, Dogo ne ya ce a tambayi yayansa. Sai na yi masa bayani. Na ce mu masu rufin kwano ne tun kakanni. In ana buga guduma a kan kwano, ko ihu ka yi na kusa da kai ba zai ji ba, shi ya ma cinye kunnen mahaifinmu. Don haka Baba ya yi mana fito iri biyu. Akwai dogo mai lanƙwasa a ƙarshe, shi ne a sauko, aiki ya tashi ko abinci ya iso. Akwai gajeru biyu masu kaifi, shi ne tsaya cak inda kake, ko ƙafarka na sama kada ka sauke ta, don kwano ya suɓuce ko katakon da za ka taka ruɓaɓɓe ne. Na ce tun muna miƙa ƙusa muke jin sa, kuma wanda ya motsa bayan fito, in kwano bai yanke shi ba to Baba zai same shi a ƙasa. Na gaya masa ranar da fiton nan ya tsayar da Auta a bakin ramin da ba a rufe ba a saman bene, yana ɗan ƙarami. Na ce tun da haƙoran Baba na gaba suka zube fiton ya dawo bakina, ni nake yi wa yaran shago.

Kocin ya riƙe haɓa ya ce tun da ya fara aikin nan bai taɓa jin an kashe ɗan baya da baki daga rumfa ba, in zan koya masa da ya huta da ciwon maƙogwaro. Amma daga baya ya ɗaure fuska. Ya ce masu shirya gasar sun ɗauka wani ne ya kwaikwayi usur ɗin alƙali, kuma sun ce ranar wasan ƙarshe duk wanda aka kama yana irin wannan, masu gadi za su fitar da shi.

Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar Auta ne. Ya ja ni bayan gini inda ake shanya riguna. Maganar ta daɗe kafin ta fito, na tsaya na jira shi kamar yadda na saba, don ka san ba abin da ya tsana kamar a ƙarasa masa magana. Ya ce, “Ni ba-ba yaron kan rufi ba ne yanzu.” Ya ce tun bara yake riƙe kansa, ana zaginsa ana takarsa, ba wanda ya yi masa fito, kuma bai daki kowa ba. Ya ce a gida ba a yarda ya girma ba, an turo masa mai gadi. Ko in hau mota gobe, ko in yi masa alkawari bakina ba zai sake buɗewa a filin nan ba.

Na yi masa alkawari, Baba. Na ce zan sa ƙusa a baki kamar in muna aiki, mai ƙusa a baki ai ba ya fito. Ya kusa yin dariya, sai ya fasa, ya ɗauki rigarsa a igiya ya tafi.

Abin ya tsaya min a rai. Ka turo ni in tsare shi daga abin kunya, sai ga shi ni na kunyata shi a gaban jama'a. Kuma ya yi gaskiya, ya yi ƙoƙari, na gani da idona. Ranar Litinin ne wasan ƙarshe, da masu jan kaya. Ku sa shi a addu'a, ni ma ku sa ni.

A gaida Inna da kyau. Na bar ka lafiya.

Ɗanka,
Sanyi

Ranar Lahadi

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake. Na ji daɗi da direba ya ce ya gan ka a tsaye a ƙofar shago ba sanda.

Ya kawo saƙonka. Ya ce da ka karanta takardar ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce ashe horon bai tafi a banza ba. Sannan ka ce in ji da kyau: kai ba kofi ka aike ni in ɗauko ba, yaro ka aike ni in tsare maka har ya karɓi takardarsa. Na ji, Baba.

Ga abin da ya sa na sake rubutowa tun ba a yi wasan ba. Akwai wata dattijuwa mai sayar da ruwan sanyi kusa da shagon da nake kwana. Ɗazu da hantsi na sauko daga rufi ina zaune a wurinta, jikina duk garin katako, sai ga 'yan wasan masu ja sun dawo daga atisaye sun tsaya shan ruwa. Ba su san ni ba. A cikinsu akwai mai lamba tara, gajere ne, ƙafa kamar ta barewa, baki kuma ya fi ƙafar sauri. Ya cusa wuyan rigarsa a baki, ya zaro ido, ya fara “Gu-gu-gu-guduma”, yana buga ƙafa a ƙasa. Suka yi ta dariya har wani ya ƙware. Sun san maganar kwamitin. Na ji ɗaya yana cewa mari ɗaya kawai ake buƙata, jan kati ya fito, a ba su fenareti, shi kuma gunki ya tattara littattafansa ya koma gida.

Mai ruwan ce ta ce musu, “Ku da aka turo karatu, abin da kuka koyo ke nan? Ku ba ni robobina ku wuce.” Suka tafi suna dariya.

Na je na gaya wa Auta. Ya ce ya sani, kowace ƙungiya haka take yi masa, ba yau aka fara ba, in je in huta. Na gaya wa kocin. Ya ce zai yi wa alƙalin wasa magana, amma alƙali ƙafa yake gani da hannu, ba ya jin abin da aka raɗa wa mutum a kunne. Na ce ko za a ajiye shi a benci? Ya ce in ya ajiye Guduma a wasan ƙarshe, yaron ba zai yafe masa ba har abada, kuma ɗalibai za su cinye shi ɗanye.

Yanzu alkawari biyu ne a wuyana, naka da nasa. Na zaɓi ƙusar da zan tafi da ita, sabuwa ce, ta rufi, mai hula. Ina roƙon Allah kada alkawuran nan su haɗu gobe.

Ka gaida Inna. Kada ka karanta mata wannan.

Ɗanka,
Sanyi

Ranar Laraba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da yaran shago. Na san tun shekaranjiya kunnenka na ƙofa. Ka yi haƙuri, sai yau hannuna ya yarda ya riƙe biro.

Ba su ci kofin ba. Auta kuma bai daki kowa ba. Zan faɗa maka yadda aka yi, kai ka yi hukunci.

A bakin ƙofa ana laluben aljihu, don haka tun daga waje na sa ƙusar a baki. Mai gadi ya tambaye ni ɓangaren da zan zauna, na nuna masa da hannu, ya ɗauka bebe ne har ya riƙe min hannu ya raka ni. Na zauna cikin ɗaliban jami'arsu Auta, duk sun shafa kore a fuska. Manyan baƙi suka gaisa da 'yan wasa, aka ajiye kofin a kan tebur yana ƙyalli, alƙali ya busa.

Tun daga bugun farko mai lamba tara ya manne wa Auta. Duk inda ya juya yana nan a gefen kunnensa, ko ƙwallo na can wani gefe, bakinsa na motsi. Daga inda nake ba na jin abin da yake cewa, amma ina ganin yadda yake karkaɗa haɓa, na san me yake yi. Kafin a je hutu wuyan rigar Auta ya jiƙe sharkaf. Amma Baba, da ka ga wasan da ya yi. Akwai wadda ta wuce Dogo za ta shiga, ya yi tsalle ya fitar da ita da ka a kan layi. Ɗaliban da ke kusa da ni suka yi ta ihun Guduma, wani ya rungume ni, saura kaɗan in haɗiye ƙusar. Aka je hutu ba wanda ya ci, aka dawo aka yi ta fama ba wanda ya ci.

Ana gab da tashi masu ja suka samu bugun kwana. Aka bugo, Dogo ya yi tsalle ya naushe ta can nesa, ya faɗi a kan mutane. Kowa ya bi ƙwallo ya fita. Auta da mai lamba tara suka faɗi tare kusa da turken raga. Yaron ya riga shi tashi, ya taka masa yatsun hannu da takalmi, ya sunkuya ya faɗa masa wani abu, sannan ya cusa tasa rigar a baki. Auta ya miƙe. Bakinsa ya buɗe, jijiyar wuyan ta tashi. Dogon da ya saba riƙe shi yana ƙasa bai gama tashi ba. Yaron ya ja baya kaɗan, ya mayar da hannuwansa baya, ya miƙo haɓa. Mataimakin alƙali mai tuta yana kallonsu. Hannun Auta ya tafi baya, a dunƙule.

Na cire ƙusar, Baba. Wannan karon ba suɓutar baki ba ce. Na sa yatsu na cire ta, na riƙe ta a tafin hannuna, na san alkawarin da nake karyawa, na yi fito.

Ya tsaya. Hannu a sama, ya tsaya.

A daidai nan aka dawo da ƙwallon ta sama. Daga baya aka yi min bayani cewa da Auta ya fita tare da sauran 'yan baya, da yaron ya yi satar gida. Amma yana nan a dashe kusa da turke. Mai lamba tara ya juya ya tare ta, ya tura ta raga ta gefen Dogo.

Na kusa da ni sun ga wanda ya yi fiton. Wanda ya rungume ni ɗazu shi ya fara nuna ni. Aka yi ta jifana da robobin ruwa, aka kira ni ɗan leƙen asiri, aka kira ni abin da ba zan rubuta maka ba. Masu gadi suka zo, har da wanda ya raka ni, ya ce, “Au, ashe kana da baki?” Suka fitar da ni. Ban yi gardama ba.

A wurin mai ruwa na ji ƙarshen wasan. Ihun masu ja ya gaya min komai. Ta dube ni ta ce, “Kai ne mai fiton?” Na ce ni ne. Ta miƙo min ruwa ta ce, “Sha, bakin ya yi aiki.”

Na tsaya a bakin ginin da suke, ban shiga ba. Dogo ya wuce ni kamar bai taɓa ganina ba, idonsa ja. Kocin ya tsaya a gabana, ya ce shi dai bai san ko ya gode min ko ya kwaɗa min mari ba, don haka zai wuce kawai. Ya wuce. Auta bai fito ba, ni ma ban aika a kira shi ba.

Jiya da safe na koma aiki, don zama ba zai yi min ba. Muna kan rufin shago na ƙarshe ni da tsohon kafintan, guduma na tashi, sai na ji fito daga ƙasa. Dogon nan mai lanƙwasa. Bai iya shi sosai ba, ƙarshen ya karye, amma shi ne. Tsohon ya ce wane ne wannan? Na ce an ce in sauko.

Auta ne tsaye da jakarsa a kafaɗa, yatsu biyu a naɗe da bandeji. Motarsu na shirin tashi. Muka tsaya a gindin tsani, na jira shi. Ya ce, “Na riga na fasa. Ka-kafin ka yi, na riga na fasa dukansa.” Na ce to. Ya ce, “Ba ka yarda ba.” Na ce ni dai hannu na gani a sama, inda zai sauka ban sani ba. Ya kalli ƙasa yana tura garin katako da takalmi. Sannan ya ce, ba in'ina ko kaɗan, “Ni ma ban sani ba.”

Na yi ta juya maganar nan, Baba. In da gaske ya fasa, to na cinye wa yaran nan kofinsu a banza, na kuma hana shi nuna wa kansa cewa zai iya. In bai fasa ba, to da yanzu tare za mu hau mota da akwatinsa. Ba wanda zai gaya mana wanne ne, ni da shi haka za mu zauna da abin. Bai ce ya yafe min ba, ni ma ban tambaya ba.

Da direbansu ya fara danna hon, ya buɗe jaka ya ciro lambar azurfar da aka rataya musu, ya danƙa min ya ce in kawo maka. Ya ce ina ƙusar? Na ciro ta daga aljihu, duk shatin haƙorina a jikin hularta. Ya juya ta ya dawo min da ita, ya ce da ita za a rataye. Ya fara tafiya, sai ya juyo ya ce in gaya maka ka tanadi wata ƙusar kusa da ita, in an gama jarrabawa akwai takardar da zai kawo.

Gobe zan taho in Allah ya yarda, mun gama rufin, tsohon ya ce in gaishe ka ko da bai san ka ba. Ka ce wa Inna yatsun ba su karye ba, targaɗe ne. Lambar na jakata, ƙusar na aljihuna. Kai dai ka zaɓi bango.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar mana kai.

Ɗanka,
Sanyi